Maƙogwaron da Na Yi wa Bututun Gonarmu

Gonarmu tana ƙasar Garun Malam, amma a kan tudun da ruwan kanal ba ya hawa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, maƙwabtanmu na gangare suke ban-ruwa cikin sauƙi: mutum ya tsoma sifon a kanal, ruwa ya bi fangali da kansa. Mu kuwa sai rijiyar burtsatse da Baba ya sa aka haƙa a gindin tudun, da inji mai inci biyu. Mesa ta hau da ruwan kan tudu, daga nan ya bi hanyar ƙasa har cikin tumatir. Ƙasar jigawa ce, tun a hanya take shanye rabonta, amma da yake mai yana da sauƙi ba mu cika damuwa ba.

Sai aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Da kaka ta zo na zauna na yi lissafin man da ranin baya ya ci, na ninka shi da sabon farashi, sai na ga in muka ci gaba a haka, mai gidan mai za mu yi wa noma. Na yanke shawarar abu biyu: in kai ruwan gona ta cikin bututu, ba ta ƙasa ba, sannan in gwada ban-ruwa na ɗigo a wani ɓangare, wato siraran tiyo masu ƙananan huji da ake shimfiɗawa a kan kunya, ruwa ya riƙa ɗiga a gindin kowace shuka.

Na auna daga rijiya zuwa bakin gona da igiya, ya ba ni mita 120. Na hau mota na tafi Ƙofar Ruwa. Mai shagon da na tsaya wurinsa ya tambaye ni nisan wurin da girman injina, ya ce in ɗauki inci biyu. Na ji farashi, na ce a ba ni inci ɗaya. Ba kuɗin kawai na duba ba, ina da hujja a raina, hujjar da na tabbata yawancin masu karanta wannan suna da irinta. Tun muna yara mun san in ka danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa yakan yi tsalle ya kai nesa. Saboda haka a wurina siririn bututu shi ne mai ƙarfi, abin da masu gyaran famfo suke kira firesha. Na ɗauka jifa ɗaya zan yi in sami biyu, ga sauƙin kuɗi ga ƙarfin ruwa. Mutumin ya sake cewa, “Alhaji, ka dai yi tunani.” Na ce na yi.

Kwana biyu muna haƙa rami muna haɗa bututu da gam, ni da yara biyu. Ranar gwaji na cika bakin inji da ruwa, na ja igiya, ya tashi. Mesar da ke fita daga injin ta yi tauri kamar fatar ganga, har wani mahaɗi ya fara tsiyaya. Na ce alhamdulillahi, wannan ƙarfi ya kai. Na ruga bakin gona, abin da na tarar ya kashe mini jiki. Ruwa yana fita, amma ɗan kaɗan, bai kai na famfon gida mai kyau ba. Na koma na ƙara wa inji wuta, ƙara ta cika fadama, mai yana ƙonewa, a can bakin gona da ƙyar za ka ga bambanci. Na zargi injin, na zargi rijiyar, har na tone wurare biyu ina neman inda ya toshe. Babu inda ya toshe.

Ƙanena yana karatun injiniyan noma a Jami'ar Bayero. Da ya zo gida ranar Asabar na kwashe labari na ba shi. Bai yi mini gardama ba, sai ya ce, “Yaya, a samo mana duro, mu auna.” Muka ɗauki duro mai lita 200. Muka fara cire bututun daga bakin inji muka sa guntuwar mesa mai inci biyu, ya danna agogon wayarsa: duro ya cika a daƙiƙa 40. Muka mayar da bututun, muka kai duron bakin gona: minti uku da rabi. Inji ɗaya, rijiya ɗaya, mai ɗaya, amma abin da yake isa gona bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

A nan ƙasa ya zana mini da'ira biyu da tsinke, babba da ƙarama. Ya ce bututu mai inci ɗaya ba rabin mai inci biyu ba ne, rubu'insa ne, domin bakin da'ira ta kowane gefe yake raguwa. In kana son ruwan da ke bin babban ya bi ƙaramin a lokaci guda, dole ya ninka gudunsa sau huɗu. Ruwa kuwa ba ya gudu a cikin bututu kyauta, yana gogar bango, kuma asarar da gogar take jawowa ba daidai da gudu take tashi ba: ka ninka gudu sau biyu, ta ninka kusan sau huɗu, ka ninka sau huɗu, ta kusa sau goma sha shida. Ga shi kuma a siririn bututu ruwan duk kusa da bango yake, wannan ya sake ninka ta. A taƙaice, rage faɗin bututu da rabi yana ninka asarar wajen sau talatin in ruwa iri ɗaya kake son ya wuce. Injinmu ba shi da wannan ƙarfin. Duk abin da yake da shi a bangon mita 120 yake ƙarewa. Taurin mesar da na yi murna da shi alama ce ta cewa ruwa ya rasa hanya.

Na yarda da duro, domin da idona na gani. Amma yatsan nan bai bar ni ba. Na ce masa, to in haka ne, me ya sa ruwa yake ƙara ƙarfi in na danne bakin tiyo? Ya ce abu biyu muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai gudu, akwai matsi. Gudu shi ne abin da yake marin hannunka in ka tare ruwan. Matsi shi ne yadda ruwa yake tura bangon abin da yake ciki, ko da a tsaye yake. In ka danne bakin tiyo, ruwan da ke tafiya a ciki ya ragu, goga ta ragu, matsi ya taru a bayan yatsanka, sannan a ɗan gurbin da ka bari wannan matsin ya rikiɗe ya zama gudu. Ƙunci na kamar faɗin yatsa ne, ba na mita 120 ba. Sai ya ƙara da maganar da ta fi ɗaure mini kai: a daidai wurin da bututu ya matse, inda ruwa ya fi gudu, nan ne matsi ya fi ƙanƙanta.

Na ce ban yarda ba. Ranar Juma'a in an sallame, a ina ake matsuwa in ba a bakin ƙofa ba? Ya ce mutane suna iya tsayawa su jira, su cunkushe, su takure. Ruwa ba ya takurewa, kuma na baya ba ya jiran na gaba. Duk litar da ta shiga ta wannan baki dole ta fita ta wancan a lokaci guda, don haka a ƙofa ba cunkushewa yake ba, zurawa yake da gudu. Ya ce in tuna kanal inda yake shiga kwalbati: kafin wurin ruwa a natse, a ciki kuwa kamar an kore shi.

Gani ya kori ji. Washegari muka ɗora duro a kan bulo, tsayin kamar mita ɗaya. Daga gindinsa muka jawo guntun bututu mai inci biyu, muka rage shi zuwa inci ɗaya na tsawon kamu guda, muka sake buɗe shi zuwa inci biyu, muka sa bawul a ƙarshe. Muka huda ƙananan huji uku a sama, ɗaya a kowane sashe, muka dasa musu farin tiyo mai haske, irin wanda magina suke daidaita gini da shi, muka ɗaure su a tsaye a jikin katako. Da muka cika duro bawul yana rufe, ruwa ya hau tiyo ukun ya tsaya a layi ɗaya, kamar an ja zare. Ƙanena ya ce, “Yaya, kai za ka buɗe, idonka a kan na tsakiya.” Na murɗa a hankali. Na farko ya ɗan sauka. Na tsakiya, wanda ke kan siririn, ya yi ƙasa kamar an ja shi, wajen taƙi guda ƙasa da na farko. Na uku ya tsaya a sama da na tsakiya, amma bai kamo na farko ba. Na rufe, suka dawo layi ɗaya. Na buɗe, na tsakiya ya sake nutsewa. Sau nawa na yi haka, ni kaina ban ƙirga ba, har duron ya ƙare muka sake cikawa.

A tsugune a gaban tiyon nan abin ya zauna mini. Ruwan da ke tafe a hankali ba zai ƙara gudu haka kawai ba, sai an tura shi. Turawar kuwa ba ta samuwa sai matsin baya ya fi na gaba. Ke nan in dai ruwa ya ƙara gudu da ya shiga siririn wuri, dole matsin wurin ya yi ƙasa da na bayansa. Da ya fito fili kuma sai ya rage gudu, gudun ya koma matsi, shi ya sa na uku ya tashi. Gibin da ke tsakanin na uku da na farko shi ne kuɗin hanya, abin da goga da hargitsewar ruwa suka ci, ba ya dawowa. Ƙanena ya ce wani masani ɗan Suwizalan, Daniel Bernoulli, shi ya rubuta wannan ƙa'ida a littafin da ya fitar a 1738, kuma har yau da sunansa ake karantar da ita. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara kusan ashirin ina hulɗa da ruwa da inji kullum, kuma tiyon magini na 'yan kuɗi kaɗan ya ishe ni in gane wannan tun tuni. Da za a riƙa nuna wa manoma haka a filin gona, da kuɗi masu yawa ba su salwanta a siririn bututu ba.

Na sayar da tumaki biyu na koma na sayo inci biyu. Muka tone, muka sauya. Duro ya cika a bakin gona a daƙiƙa 50. Inci ɗayan bai zama asara duka ba, na yanyanka shi na yi gajerun rassa da suke rarraba ruwa zuwa tiyon ɗigo, inda kowane reshe ruwa kaɗan yake ɗauka, ga tafiyar gajeriya. Na sa matatar ruwa a gaban layin, na sa geji biyu masu nuna matsi. Tiyon ɗigon da na saya bai son matsi ya wuce “ba” (bar) ɗaya a geji, wato kwatankwacin nauyin ruwa mai tsayin mita 10. Aka dasa tumatir, ya kama, kuma man da nake ƙonawa ya sauka yadda har Baba ya lura.

Sai maganar taki ta taso, wadda ban yi tunaninta ba tun farko. A fangali kana watsa yuriya ka sako ruwa, ya narkar da ita ya kai ta saiwa. A ɗigo kuwa wuri kaɗan ne yake jiƙa, sauran ƙasar a bushe. Na watsa sau ɗaya, bayan kwana biyu na ga ƙwayoyin suna nan fari fat a kan kunya. Hanya ɗaya ce, takin ya shiga cikin ruwan tun daga bututu. Wani maƙwabci ya ce in narka in zuba a bakin rijiya, inji ya zuƙo. Wannan ban ko saurara ba. Daga rijiyar nan muke sha in muna gona, ma'aikata suna sha, Fulani masu wucewa suna roƙa a ba su. To amma yaya za ka shigar da abu cikin bututun da ruwansa yake neman hanyar fita? Ko hujin allura ka yi, fesowa zai yi.

Ƙanena ya ce in tuna tiyon tsakiya. Taƙi guda ya sauka saboda mun ninka gudu sau huɗu kawai. In muka matse wurin sosai, matsin zai yi ta sauka har ya ƙare, ya wuce ƙasa da na iskar da ke waje. Iskar nan da ba ma jin nauyinta tana danna komai da ƙarfin da ya kai na ruwa mai tsayin kusan mita 10. Da zarar matsin cikin bututu ya gaza nata, ita za ta danna ruwan da ke cikin bokiti ta tura shi sama ya shiga. Ya ce na'urar sunanta benturi, daga sunan wani Ba'italiye, Giovanni Battista Venturi, wanda ya wallafa gwaje-gwajensa a kan irin wannan bututu a 1797. Daga baya, a 1887, wani injiniya a Amurka mai suna Clemens Herschel ya mayar da shi ma'aunin ruwan da ke bin manyan bututu. Ana sayar da na kamfani, na roba, amma a lokacin aljihuna ya riga ya bushe, kuma gaskiya ina son in yi da hannuna.

Ya yi mini lissafi a bayan kwali kafin ya koma makaranta. Za mu yi ɗan reshe na inci ɗaya da zai bar babban layi ya sake dawowa cikinsa, a tsakaninsu kuma a sa bawul a kan babban layin. In an ɗan rufe bawul ɗin, wani ɓangare na ruwan zai bi ta reshen. A cikin reshen za a yi maƙogwaro mai faɗin milimita 6. Ruwan da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa a cikin inci ɗaya, in ya shiga milimita 6 sai ya kai wajen mita 18 a daƙiƙa, kuma wannan gudun yana cinye matsin da ya haura “ba” ɗaya da rabi. In dai abin da ke shigowa bai wuce haka ba, maƙogwaron zai zuƙa.

Gwajina na farko na yi shi ni kaɗai. Na yanko roba mai kauri, na huda ta milimita 6, na cusa ta cikin bututun kamar toshi, na yi ɗan huji a gefe dab da bayanta na sa siririn tiyo zuwa bokiti. Na gwada bakin reshen a buɗe yana zuba a ƙasa, na sa yatsa a bakin tiyon, na ji yana ɗan jan fata. Na yi murna, na haɗa shi da layi. Ina rufe bawul sai na ga ruwan bokiti yana ƙaruwa maimakon raguwa. Na ƙara rufewa, ya daina cikowa, amma gejin da ke gaban bawul ya faɗi warwas, tiyon ɗigo suka kwanta, babu abin da ke ɗiga a ƙarshen kunya. Yini guda ina tsakanin biyun nan: in gona ta samu ruwa bokiti ya cika, in bokiti ya fara raguwa gona ta rasa.

Da daddare na kira shi na faɗa masa. Ya tambaye ni yadda na yi mafitar. Na ce wace mafita, huji ne kawai. Ya ce a nan matsalar take. Saukar da matsi abu ne mai sauƙi, kowane huji zai yi. Aikin yana wajen dawo da shi. Ruwan da ya fito daga ƙaramin huji ya faɗa fili kwatsam yakan tarwatse, ya yi ta juyi yana cin kansa, gudun ya lalace bai koma matsi ba. Tunda tiyon ɗigo suna buƙatar matsi a gaba, shi kuma maƙogwaro yana buƙatar ya kasance ƙasa da iska, dole a sami abin da zai ɗaga ruwan daga wannan zuwa wancan, kuma ba abin da zai yi haka sai mafita doguwa mai buɗewa sannu a hankali. Mashiga tana iya zama gajeriya, ruwa ba ya ƙin a tattara shi. Buɗewa ce ba ya son a yi masa da gaggawa.

Na je wurin wani dattijo masassaƙi a garinmu, mai yin muciya da ƙotar fartanya. Na zana masa abu biyu masu siffar ƙahon rago miƙaƙƙe: ɗaya tsawon santimita 5, ɗaya santimita 15, kowanne gindinsa ya cika bakin inci ɗaya, kansa kuma milimita 6. Ya juya takardar ya ce, “Ɗana, wannan na wane aiki ne?” Na ce na ruwa ne, Baba. Ya sassaƙa su daga busasshen itace, ni kuma na kwana biyu ina goge su da samfefa har suka yi santsi kamar kwalba. Na huda kawunansu na haɗa su da guntun ƙusa, kai da kai, na shafe su da narkakken kyandir don kada su manne. Na tsaga guntun bututu gida biyu a tsaye, na cika shi da filar da masu gyaran jikin mota suke shafawa, na kwantar da itacen a tsakiya, na rufe na ɗaure da waya. Filar tana saurin kamawa, na farko ya daskare mini tun ban gama daidaita itacen ba, na fasa na sake. Na biyu ya yi. Da ya bushe na zuba ruwan zafi, kyandir ya saki, na zaro itatuwan ta baki biyu. Na ɗaga shi saitin rana na leƙa: rami mai santsi, ya matse da sauri, ya buɗe a hankali. Na huda hujin zuƙa na milimita 3 a daidai inda ya fi matsewa, na bi bakin hujin ta ciki na kankare duk wani tsini, domin ɗan tsini a wurin yana iya ɓata aikin gaba ɗaya. Sannan na zura shi cikin bututu mafi faɗi na cike gefe da gam, don kada matsi ya buɗe tsagar.

Ranar gwaji ban sa taki ba. Na roƙi uwargida ta dafa mini zoɓo mai kauri, babu sukari, na tace shi sau biyu na cika bokiti mai lita 20. Na tashi inji, na bar layi ya cika, sannan na fara rufe bawul kaɗan-kaɗan ina kallon geji biyun. Na baya yana hawa, na gaba yana sauka. Da na baya ya kai 1.5, na gaba yana 0.8, sai na ji wani ɗan sauti kamar mai shan fura da tsinke, na ga jan zoɓo ya kama hawa cikin farin tiyo, ya hau, ya hau, ya shige. Na tsaya ban motsa ba don kada in taɓa wani abu ya lalace. Na aiki yaro ƙarshen kunya mafi nisa da farin kofi, na ce ya tara ya kira ni in launi ya sauya. Bayan minti tara na ji ihunsa. Bokitin kuma ya ƙare a minti 17.

Baba yana zaune a gindin darbejiya yana kallo, bai ce komai ba tun safe. Shi da jigo ya fara noman rani, guga-guga yake ɗaga ruwa, kuma ba ya saurin yarda da abin da bai taɓa ba. Ya taso ya tsuguna, ya zaro tiyon daga bokiti ya ɗora a tafin hannunsa. Tiyon ya manne. Ya cire, ya sake ɗorawa. Ya dubi bututun ya ce, “Kai, ina injin da yake ja?” Na ce babu, Baba, ruwan ne da kansa. Ya shafa wurin da maƙogwaron yake, ya ce, “Ikon Allah.” Da makanikenmu ya zo duba inji bayan 'yan kwanaki na nuna masa, sai ya kwance kafireta ya miƙo mini ya ce in leƙa. Ga shi nan, maƙogwaro iri ɗaya, da ɗan huji a tsakiya. Iska ce take gudu ta wurin ta zuƙo fetur. Ashe injin da nake ja kullum da wannan dabarar yake numfashi.

Daga nan aiki ya zama na yau da kullum, da 'yan ƙa'idojin da na koya ɗaya bayan ɗaya. Yuriya ce take narkewa tas, har bokiti ya yi sanyi kamar an sa ƙanƙara. Kamfa irin ta buhu kuwa tana barin laka a ƙasa, ita ba na sa ta a layi, a gindin shuka nake binne ta. Matatar ruwa dole ta kasance a gaban benturi, ba a bayansa ba, don ta tare duk abin da ya shigo daga bokiti. Na sa bawul mai hana komawa a kusa da inji, saboda in inji ya mutu kwatsam ruwan da ke kan tudu yakan gangaro baya, kuma zai iya janyo taki zuwa rijiya. Ina fara ba da ruwa zalla sai layi ya cika, sannan taki, sannan in sake barin ruwa zalla na aƙalla minti goma sha biyar, tunda zoɓo ya nuna mini minti tara ne tafiyar zuwa ƙarshe. Kuma ba a zarce wa bawul. Ranar da na matsa shi da yawa don in gama da wuri, maƙogwaron ya kama ƙara kamar ana soya tsakuwa a ciki, zuƙar ba ta ƙaru ba. Matsin ne ya faɗi har ruwa ya fara tafasa a cikin sanyi, kumfa suna tashi suna fashewa, kuma fashewar tana cin bango.

Ina zargin wannan ranar ce ta raunana shi, domin a mako na bakwai zuƙa ta ragu, da na kwance na tarar filar ta ɓantale a bayan hujin zuƙa, bangon ya yi kaushi. Itatuwan suna nan a ajiye cikin tsumma, don haka zubin sabo bai ɗauke ni fiye da yini ɗaya ba. A wannan karon na goge kan dogon itacen na ƙara masa ɗan miƙaƙƙen wuya kafin ya fara buɗewa, kuma ban sake barin geji na baya ya wuce 1.5 ba. Shi ne ya kai mu har ƙarshen tsinkar tumatir. Itatuwan yanzu suna hannun maƙwabcin nan da ya ce in zuba taki a rijiya. Injinsa inci uku ne, kuma layinsa ya fi nawa tsawo, don haka na ce masa kada ya zuba fila sai mun kai duro gonarsa mun auna tukuna.